AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ke Sa Fitilar Mota Gumi Daga Ciki?

A wannan mako wasiƙu huɗu ne suka haɗu a hannunmu, duk daga yanki guda, wato arewa maso yammacin Jihar Jigawa, kuma duk a kan magana guda, maganar fitilar mota. Saboda haka muka ga ya fi dacewa mu haɗa su wuri ɗaya, mu ba su filin baki ɗayansa.

Ta farko ta fito ne daga hannun wani direban motar haya mazaunin Kazaure, wanda ya ce yana jigilar fasinja tsakanin Kazaure da Kano ta Ɗambatta, wani lokaci kuma ya leƙa Daura. Ya ce tun da damina ta kankama, in ya fito da asuba sai ya tarar gilashin fitilarsa ta gaba ya yi fari daga ciki kamar an hura masa baki, ya goge ta waje a banza. Ya kai wa wani mai gyara, shi kuwa ya bi duk wata kafa da ya gani ya liƙe da gam, har da wasu 'yan bututun roba da ke bayan fitilar. Maimakon a samu sauƙi sai abin ya ƙaru, yanzu har ɗigon ruwa yake gani yana gangarowa. Tambayarsa ita ce: ta ina ruwan ke shiga tunda an toshe ko'ina, kuma mene ne maganinsa?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, don kuwa ba kai kaɗai abin ya dama ba. Bari mu fara ba ka amsar a dunƙule kafin mu warware ta. 'Yan bututun nan da aka liƙe maka su ne hancin fitilar. Ta nan take numfashi. Mai gyaranka ya yi maka abin nan da ake kira gyaran gangar Abzinawa, ya toshe ƙofar da laima ke bi ta fita, ya bar ta a ciki tana kai da komo.

Mutane da yawa sun ɗauka fitilar mota a rufe take ruf kamar gwangwanin madara. A dā can akwai irin wannan. A Amurka, daga shekarar 1940, doka ta tilasta wa kowace mota amfani da fitilar da aka haɗe gilashinta da madubinta da zaren wutarta wuri guda, aka rufe ba kafa. In ta mutu, sai dai a cire ta ɗungurungum a jefar. Sai a 1983 aka sassauta dokar, aka yarda a yi fitilar da ake sauya mata ƙwai kawai, motar farko da ta fito da ita a can kuwa ita ce Lincoln Mark VII ta 1984. A Turai kuma sun daɗe suna sauya ƙwai, kamar yadda tsofaffin direbobinmu suka sani a jikin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Daga shekarun 1990 sai roba ta maye gurbin gilashi a yawancin motoci, fitilu suka ƙara girma, suka zama kamar akwati mai iska a ciki. Golf, Sharan, Hiace, Corolla, 406, duk waɗannan da ke cika tashar Kazaure, irin wannan fitila ce a jikinsu. Muna dai ci gaba da cewa gilashi ne don bakinmu ya saba, amma a mafi yawansu wata roba ce mai ƙarfi da ake kira folikabonet.

Yanzu me ya sa akwatin nan ke bukatar hanci? Ƙwan fitila na yau da kullum, wanda ake kira halojin, kamar mai lamba H4 da ke cin wat 60 a ful, wat 55 a dim, fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, haske ɗan kaɗan ne. Iskar da ke cikin akwatin sai ta ɗumama, iska kuwa in ta yi zafi kumbura take yi. Alal misali, in ta tashi daga digiri 25 zuwa 85, tana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin biyar. In ba ta da wurin fita, sai ta tura bakin gilashi ko robar murfi har ta buɗa wa kanta hanya. Shi ya sa masu ƙera mota suka yi wa fitilar 'yan kafofi a baya, suka sa musu bututu mai lanƙwasa da ke kallon ƙasa, ko wani ɗan murfi mai matata a ciki, yadda iska za ta wuce amma ruwan sama ba zai faɗa ba. In ka kunna fitila, iska ta fita. In ka kashe ta huce, iskar waje ta shigo. Kullum haka take yi, kamar ƙirjin mutum.

Iskar da ke shigowa kuwa ba ta zuwa hannu rabbana, musamman a watan Agusta lokacin marka. Akwai ruwa a cikinta wanda ido ba ya gani. Kuma yawan ruwan da iska ke iya riƙewa ya danganta ne da zafinta. Ka ƙaddara ɗaki ne ɗan ƙarami, tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa mita ɗaya, bisansa mita ɗaya. Iskar da ta cika shi, in zafinta ya kai digiri 30, za ta iya ɗaukar ruwa kamar giram 30. In ta sauko digiri 20, giram 17 kawai za ta iya. A digiri 10 kuwa, giram 9 da ɗan ɗori. Ragowar fa? Dole ta sauke shi a jikin duk abin da ya fi sanyi a kusa. Wannan shi ne raɓar da kake gani a kan ganyen gero da safe. Shi ne kuma gumin da kwalbar lemo ke yi in an fito da ita daga firji. Ai ba ka taɓa cewa kwalbar ta huje ba, ko? Ruwan na iska ne, sanyin kwalba ya kamo shi.

A jikin fitila, wurin da ya fi saurin yin sanyi shi ne gilashin gaba, don shi ke fuskantar waje, bayanta kuwa yana shan ɗumin inji. Ka dawo daga Kano da magariba fitila da zafi, ka ajiye mota, ta zuƙi iska mai laima. Cikin dare aka tsuga ruwa gari ya yi sanyi. Da asuba sai ka ga gilashi ya yi fari daga ciki. Wanda motarsa ke kwana kusa da dam ɗin Kazaure ko bakin fadama zai fi ganin haka, saboda iskar wurin ta fi ɗaukar laima. Haka kuma in an wanke mota da ruwan sanyi alhali ta sha rana.

Amma a nan akwai wani lissafi da muke so ka riƙe, Malam, don shi ne zai raba maka gardama da mai gyara. Mu ɗauka fitilarka tana cin iska lita 5. Ko a ranar da gari ya fi kowace rana laima, duk ruwan da ke cikin wannan iska bai wuce ɗigo biyu zuwa uku ba. Ɗan wannan ya isa ya dusashe gilashi, domin yana bazuwa ne siriri kamar hayaƙi. Amma ba zai taɓa taruwa ya zama kududdufi a gindin fitila a dare ɗaya ba. Ka ga ke nan abu biyu ne daban. Akwai gumi, akwai yoyo. Na farko halin fitila ne, na biyu cuta ce.

Su kansu masu ƙera motoci sun rubuta haka. Kamfanin Ford, alal misali, ya sa a cikin littafin da yake ba mai mota cewa in abin da ka gani siririn hazo ne, ba zirin ruwa, ba manyan ɗigo, kuma bai rufe rabin gilashin ba, to ba laifi ba ne, zai washe da kansa, ko da yake yana iya ɗaukar har awa 48 in gari ya bushe. In kuwa ka ga ruwa kwance a ciki, ko manyan ɗigo, ko zirin da ruwa ya bari yana gangarowa, to wannan sai gyara. Mu kuma mu ƙara maka da wata alama mai sauƙi: dubi fitilun biyu. In dukkansu suka yi ɗan fari a gefe-gefe da safe, rana ta fito suka washe, aikin yanayi ne. In ɗaya ce kullum take jiƙe 'yar'uwarta garau, to wannan ɗayar tana da ciwo.

Yanzu sai mu dawo kan taka. Abin da muke zato ya faru shi ne, tun farko ko dai gumi ne kawai, ko kuma hancin ya riga ya toshe. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasarmu. Watannin ƙura sun fi na ruwa yawa, hazon hunturu ya yi ta cusa gari a bututun, damina ta zo ta kwaɓa shi ya zama laka. Zanzaro ma ba ya raina rami, in mota ta daɗe a ajiye sai ya yi gininsa a ciki. Da aka zo aka ƙara da gam, sai hanya ta rufe gaba ɗaya. Ruwan da ke ciki in ka kunna fitila ya tashi ya zama tururi, in ka kashe ya koma jikin gilashi, ba ya zuwa ko'ina. Sannan iskar da ta rasa hanci dole ta nemi wani wuri mai rauni, galibi ta sama inda gilashi ya haɗu da baƙin akwatin, wurin da ruwan bonet ke bi. Nan kuma in ta zuƙa, ba iska kaɗai take zuƙa ba, har da ruwan da ke kwance a wurin. Kullum ana ƙari, ba a ragi. Shi ya sa ka ga abin ya tashi daga fari ya koma ɗigo.

Abin yi na farko, a ɓamɓare gam ɗin nan daga bututun, a cire su a wanke, a busa a tabbata iska na wucewa, a mayar da bakinsu yana kallon ƙasa. Na biyu, a busar da cikin fitilar sarai kafin a rufe komai. Mutane suna yawan kuskure a nan, su liƙe tsaga alhali ruwa na ciki. Ka zaɓi ranar da gari ya washe, ka buɗe bonet, ka cire murfin robar da ke bayan fitila, ka zare ƙwan, ka juya gaban mota ga rana tun daga hantsi har la'asar. In kana gaggawa, ka ari na'urar busar da gashi irin ta masu gyaran kai, ka sa ta a zafi kaɗan, ka riƙa hurawa ta ramin ƙwai, kana ɗagawa kana hutawa. Kada ka kusanta ta da garwashi ko risho, roba ce, narkewa za ta yi ko ta lauye. In gumin ɗan kaɗan ne, kunna dim na kamar rabin awa da murfin a buɗe yakan wadatar, amma inji na aiki fa, kada a wayi gari ana neman masu turi.

Da ka zare ƙwan halojin, kada ka kama gilashinsa da yatsa. Maiƙon hannu yana manne masa, wurin ya fi sauran zafi, ƙwan ya mutu da wuri. Ka kama ta gindin ƙarfen, ko ka sa tsumma mai tsabta. Wani gargaɗin kuma ya fi wannan nauyi: in motar mai farar fitilar nan ce da ake kira zenon, wadda ta fara fitowa a jikin BMW a 1991 kuma ake samunta a wasu motocin Kwatano, to wutar da ke tayar da ƙwanta ta haura bolt 20,000. A kashe komai, a cire kan batir, in kuwa ba ka saba ba ka bar wa mai wayarin. Akwatin wutar irin wannan fitila sau da yawa a ƙarƙashinta yake, saboda haka ruwan da ya kwanta a gindi shi yake fara ci, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Na uku shi ne neman inda yoyon yake, in akwai. Wuraren dubawa ba su da yawa. Murfin baya, ko ya tsage ko bai zauna daidai ba, don sau da yawa wanda ya sauya ƙwai da dare a bakin hanya shi ke barinsa a karkace. Robar da ke zagaye da gindin ƙwai da ta ƙaramin ƙwan sigina, in ta bushe ta ƙandare. Wurin da wayoyi suka shiga. Bakin haɗin gilashi da akwati. Sai kuma jikin akwatin kansa, musamman in motar ta taɓa yin karo, ko da ɗan gogar bamba ne, domin kunnen da ake ɗaure noti yakan tsage ta inda ido ba ya kaiwa sai an sauke fitilar. Hanya mafi kyau ita ce irin ta mai faci. A sauke fitilar, a toshe ramukanta da hannu ko tsumma na ɗan lokaci, a shafa ruwan sabulu a bakin haɗin, a busa iska a hankali da baki ta ramin ƙwai. Inda kumfa ya taso, nan ne ɓarawon. Ban ce a sa injin ba taya iska ba, zai fasa abin da bai fashe ba.

In tsagar ƙarama ce a bakin haɗi, a wanke wurin, a bushe shi, a bi shi da gam ta waje. Amma ba kowane gam ba. Ainihin abin da kamfani ke sawa wata baƙar roba ce mai danƙo da ake kira butil, ana sayar da ita a naɗe kamar igiya, kana iya tambaya wurin masu kayan mota a Ƙofar Ruwa in ka shiga Kano. Farin gam ɗin nan na silikon mai warin tsami, wanda ake liƙa gilashin taga da shi, ba mu ba ka shawararsa ba, domin tsamin da yake fitarwa yayin bushewa yana iya dusashe madubi da cin ƙarfen soket. In dole sai silikon, a nemi marar wari. Shi kuwa gam mai kamawa nan take, hayaƙinsa yana barin farin tabo a jikin roba wanda ba ya fita. In haɗin ya saki da yawa, to sai an ɗumama shi an raba gilashi da akwati, an ƙwaƙule tsohon danƙon an sa sabo. Wannan aikin mai haƙuri ne, kuma wasu sababbin fitilu danƙonsu ba ya sakin jiki da zafi ko kaɗan. A ba wanda ya taɓa yi.

Wani zai ce maka a huda gindin fitilar kawai ruwa ya tsiyaye. Gaskiya ruwan zai tsiyaye. Amma a ganinmu wannan dabarar ƙarshe ce, ta fitilar da ta riga ta tsufa ana jiran kuɗin sabuwa, kuma ko za a yi, ƙaramin huji ne a can ƙasan baƙin akwatin, ba a jikin gilashi ba. Dalili kuwa, hujin da ya fitar da ruwa a Agusta shi zai shigo da ƙura a Janairu, ƙurar da ta kwanta a kan madubi kuma ba ta da saukin fita. Madubin nan na ciki da ke tattara haske ya jefa shi gaba, ba ƙarfe ne mai kauri ba. Wani shafe ne na alminiyum da ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Ka sa tsumma ka goga sau ɗaya, ka kwashe shi. Saboda haka kada ka yarda wani ya zura sanda da ƙyalle ta ramin ƙwai wai zai share maka ciki.

Su kuma 'yan ƙunshin nan masu tsakuwa-tsakuwa da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, wato silika, suna shan laima da gaske, wasu kamfanoni ma suna sa irinsu a cikin fitila. Kana iya manna ɗaya ko biyu a cikin murfin baya, nesa da ƙwai. Sai dai suna ƙoshi, in sun ƙoshi kuma sai an sauya ko an gasa su sun bushe. Taimako ne ga fitila mai lafiya, ba sa rufe tsaga.

Wasiƙa ta biyu daga Babura take, can kusa da iyakar Nijar. Mai ita ya ce fitilarsa lafiya lau take har ranar da ya sauya ƙwai ya sa farin nan na LED, daga nan gumi ya ce salamu alaikum. Malam, naka a fili yake. Yawancin irin wannan ƙwai yana da ƙaton gindi mai fanka ko ƙarfen sanyaya shi, murfin asali ba ya rufuwa a kansa, sai masu sawa su yanke murfin ko su jefar da shi. Ka duba bayan fitilarka, muna kyautata zaton a buɗe take. Akwai murfi mai zurfi da ake yi domin wannan, ka nema. Ban da haka, shi LED ba ya jefa zafi gaba kamar halojin, zafinsa ta baya yake fita, don haka gilashi ba ya ɗumama balle ya kore gumin. Ko motocin da suka zo da LED daga kamfani, waɗanda suka fara bayyana wajen 2007 a jikin Lexus, an san su da jinkirin washewa. Sannan mu faɗa maka wata gaskiya ko da ba ka tambaya ba: madubin da aka ƙera domin halojin ba lallai ya tattara hasken LED daidai ba. Kai kana ganin fari tas a gabanka, mai tahowa kuwa ka kashe masa ido. Ka tsaya gaban bango da dare ka kunna dim, in ba ka ga haske ya yanke a layi ba, ya watsu sama, to a sake dubawa. Haka masu sa ƙwai mai wat 100 a mazaunin mai 55, suna ƙona soket da madubi, garin neman gira a rasa ido.

Ta uku daga Gwiwa. Shi kuma ya ce ya ratsa ruwa ne da dare a wata hanyar ƙauye bayan an ɗauke ruwan sama, washegari ya ga jan ruwa kwance a fitila har da laka. To wannan ba gumi ba ne, ba kuma lallai fitilar ta fashe ba. Ta shiga ruwan sanyi da zafinta, iskar ciki ta tsuke nan take, hancin kuwa yana cikin ruwa, sai ta zuƙe shi kamar mai shan fura da tsinke. Dole a sauke ta, a cire ƙwai da duk abin da ke da waya, a tsiyaye, a ɗauraye cikin da tataccen ruwa sau biyu ko uku ana girgizawa a hankali, sannan a shanya kwana ɗaya ko biyu. A kula da kyau a nan. In ka je shago ka ce a ba ka ruwan batir, wani zai miƙo maka mai asid. Wanda ake nufi shi ne farin tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, marar asid. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin tabo in ya bushe. Fetur da tina kuwa ko kusa, suna sa robar ta yi tsatstsage. A duba soket kuma, in ya fara yin kore a kankare a bushe shi, in ba haka ba fiyus zai yi ta ƙonewa. Gaba in dole sai ka ratsa ruwa mai zurfi, ka tsaya ka kashe fitila ta ɗan huce tukuna, ka shiga a hankali yadda ruwa ba zai taso gaban mota ba. Masu wankin mota da injin feshi ma a gaya musu kada su kafa bakin injin a haɗin fitila ko bayanta.

Ta ƙarshe daga Roni, wani malamin makaranta ne. Ya ce tasa ba ta taɓa washewa ba, rani da damina, ta yi ja-ja kamar ruwan shayi, ya shanya ta a rana har ya gaji. Malam, taka ba ruwa ba ne, ranar ma ita ce ta jawo. Ka shafa hannu a gilashin ta waje, za ka ji kaushi. Robar tana zuwa da wani shafe mai kare ta daga hasken rana, shekaru suna tafiya rana da rairayin da iska ke watsawa suna cinye shi, sai robar ta ƙone ta yi ja. Kada ka raina wannan. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna irin waɗannan fitilu a 2018, ta tarar hasken da suke bayarwa a dim kashi 22 ne kacal cikin 100 na sabuwa. Man goge baki yana ɗan haskaka ta na 'yan makonni. Gyaran da ke daɗewa shi ne a goge da samfefa mai laushi da ruwa, daga mai ɗan kaushi zuwa mafi laushi, a yi foli, sannan a fesa sabon shafe mai kare rana. In aka tsallake shafen nan na ƙarshe, ba za a daɗe ba za ta koma gidan jiya.

Mai wasiƙar Kazaure ya rufe da wata 'yar tambaya, wai ko zai iya lallaɓawa haka nan har kaka, tunda dai fitilar tana kamawa. Malam, kamawa daban, gani daban. Ɗigon ruwa a jikin gilashi warwatsa haske yake yi, abin da ya kamata ya sauka kan kwalta sai ya tashi sama ya shiga idon mai tahowa. Dim mai lafiya ma abin da take nuna maka bai wuce kamar mita 50 zuwa 60 ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarka ta tashi daga totur ta taka birki ka riga ka cinye kusan rabin abin da kake gani. Kai ka fi mu sanin abin da ke kan hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure bayan magariba ranar kasuwa: amalanken shanu ba fitila, babur ba jar wutar baya, garke na tsallakawa, yara a gefen titi. Sannan ruwan da ya daɗe a ciki yana cin madubi ya baƙanta, yana kashe ƙwai, wata rana ka tsinci kanka da ido ɗaya, na gaba ya ɗauka babur ne ya matso tsakiyar hanya. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da hurumin tsayar da kai a kan wannan, amma su ne mafi sauƙin abin da za ka gamu da shi. Buɗe hancin fitila da shanya ta aikin yini ɗaya ne, kuma ba ya cin ko kuɗin fasinja biyu. In an yi haka, an gwada da ruwan sabulu an liƙe, amma bayan ruwan sama biyu ko uku ta sake tara ruwa, ko ka leƙa ka ga madubin ya riga ya yi baƙi yana ɓarewa, to wannan ta gama aiki, sai a nemi wata. In za ka saya ta hannu a Kano, ka ɗaga ta a rana ka duba gindinta ta ciki, in akwai zanen da tsohon ruwa ya bari, ka ajiye musu abarsu.